Gorar Ruwan Sanyi a Goshin Isaka

Al Wakra, Ƙatar

Zuwa ga 'yata Rabi'atu, wadda bakina bai iya kiranta da komai ba sai Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da ya daɗe bai sa 'yarsa a ido ba. Ina gaida mamanki da ƙannenki da duk mai cin tuwo a gidanmu na Funtuwa. Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, Ya tsare ki a hanyar da za ki kama, Ya sauke ki Legas cikin aminci, Ya haɗa ki da mutanen kirki a can.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutun hannuna, ni da ko saƙon waya sai dai in danna in yi magana saboda ƙyuya. Na gwada hakan. Sau uku ina farawa, sai in ji muryata ta sauya, in goge. Don haka ki yi haƙuri da wannan rubutu da ya yi kama da inda kaza ta yi tono. Ki nemi wuri ki zauna, kada ki karanta a tsaye kina haɗa kaya.

Ba zan ba ki labarin gari ba. Doha ta cika da tutoci, kowa maganar gasar ƙwallon duniya yake yi, kin fi ni gani a waya. Abin da ya sa na ɗauki biro daban ne.

Tun ranar Juma'ar da kika kira ni kina murna hankalina bai sake kwanciya ba. Kin ce binciken digirinki na biyu a kan albashi da son abin duniya da riƙon amana a wurin aiki ya kammala, saura kwana goma ki tsaya gaban malamai ki kare shi, daga nan ki wuce Legas ki kama aiki a ofishin kula da ma'aikata na wani kamfani. Kin ce abin da ya fi burge malaminki shi ne takardun tambayoyin da masu gadin da ke ƙarƙashina suka cika miki, domin sun nuna cewa in aka ɗaura wa ma'aikata ƙarin kuɗi a ƙungiyance, kowa sai ya tsare kansa ya tsare ɗan'uwansa. Kika ƙara da cewa kina isa za ki ba manyanki shawarar su kafa irin tsarinmu. Na ce Allah Ya sa albarka, muka yi sallama, na ajiye wayar. Ummi, akwai ƙarya a takardun nan, kuma ni na zuba ta. Tsorona shi ne ki ɗauke ta a kanki ki kai ta Legas, ta zama doka a kan bayin Allah da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Bari in faro miki daga farko, don ki ga yadda mutum mai sallah da azumi ke kai kansa nan.

Lokacin da na bar gadin masaƙa na zo ƙasar nan kina aji uku a sakandare. Ni a lokacin burina bai wuce kuɗin makarantarku da buhun masara ba. Amma ido ba ya zama inda aka ajiye shi. Ranar hutu sai mu hau bas mu tafi Al Mirƙab, ba don sayen komai ba, don dai mu yi yawo a gaban shaguna. Kin tuna hoton nan da na aiko, ina jingine da wata baƙar mota, na sa tabarau, har mamanki ta kai wa 'yan'uwanta suka gani? Ko mai motar ban sani ba. Ina gama ɗauka mai gadin wurin, ɗan'uwana a sana'a, ya kore ni. A shekarun nan na koyi wata ɗabi'a: in na haɗu da Bahaushe, kafin in tambaye shi garinsu sai in tambaye shi nawa kamfaninsu ke biya. Wanda ya fi ni in ba shi kujera, wanda na fi in ba shi shawara.

Wannan duk wauta ce da za a iya yi wa dariya. Inda ta zama cuta shi ne da na fara alƙawari da baki kafin abu ya zo hannu. Ina kan waya daɗin hira zai ɗebe ni in ce wata mai zuwa za a sa ƙofar ƙarfe, bayan Sallah za a shimfiɗa tayil a ɗakin mamanki. Ba wanda ya roƙe ni. Ni ne dai ke son a ji a unguwa cewa Lawal na Ƙatar ya aiko. Kuma ba a kan albashina nake ɗora alƙawuran nan ba, a kan ƙarin da ba shi da tabbas nake ɗora su. To ki ji ni da kyau: in kin fara karɓar albashi, ki yanka rayuwarki daidai da wanda ba ya motsi. Duk abin da ake kira ƙari ko alawus, ki ɗauke shi baƙo ne, in ya zo a yi masa maraba, in bai zo ba ba a shimfiɗa masa tabarma ba balle a naɗe. Ranar da kika ci shi da baki tun bai zo ba, daga ranar duk wanda ke riƙe da shi ya riƙe ki.

Ga yadda tsarin namu yake, wanda kike yabo. Mu goma sha biyu ne a tawaga, ni ne shugaba. Muna kwana a masaukin ma'aikata a bayan Al Wakra, kullum da safe bas ta kwashe mu zuwa wani rukunin gidaje a Ain Khalid inda muke tsaron ƙofofi. Kamfani ya ce duk tawagar da ta cika wata ba wanda ya yi fashin aiki ko na yini ɗaya, kowa a cikinta yana da ƙari, shugaba kuma nasa ya fi tsoka. In mutum ɗaya ya yi fashi, duka an rasa. A takarda abin gwanin sha'awa. Kuma gaskiya ya kashe lalaci, don ba mai iya naɗewa a bargo alhali mutum goma sha ɗaya na harararsa. Abin da wanda ya rubuta dokar bai rubuta ba shi ne me za a yi da wanda ba lalaci ya kwantar da shi ba.

Sai korona ta shigo. Aka ba kowane shugaba na'urar auna zafin jiki, wadda muke kira bindiga saboda yadda ake saita ta a goshi. Kullum in tsaya a ƙofar bas in harbi kowa kafin ya hau. Wanda zafinsa ya haura, a kira asibiti a tafi da shi, 'yan ɗakinsa kuma a killace su. Ba zan yi wa kowa ƙazafi ba, albashin wanda aka killace ba ya tsayawa. Ƙarin ne ke tafiya, da kuɗin obataim, wato na aikin ƙarin lokaci.

A tawagata akwai wani dattijo, Isaka, mutumin zangon Kumasi. Ya girme ni da 'yan shekaru, amma bai taɓa kirana da komai ba sai Maigida. Hausarsa kan ba mu dariya, don mace da namiji duk "ya" yake ce musu, mu tsokane shi, shi kuma ya ce mu 'yan Najeriya mun cika ƙaƙale. Ranar Juma'a shi ke dafa mana shinkafa da wake irin nasu mai ja, da wani baƙin yaji da ke sa Bahaushe hawaye yana ƙari. Yana da ciwon suga, kowa ya sani, don a aljihun rigar aikinsa yake yawo da maganinsa.

Saura kwana uku wata ya ƙare, ba wanda ya yi fashi, sai Isaka ya same ni a bayan kicin bayan sallar asuba. Idonsa ya yi ja. Ya ce, "Maigida, jikina ba daɗi tun jiya. Kai ya na sara, kuma ban ji ƙamshin shayi ba. Ina ga gara ka kira mutanen asibiti."

Ki lura, Ummi, shi ya zo da gaskiyarsa da ƙafarsa. Ba kama shi na yi ba.

A daidai wannan watan na riga na yi miki alƙawarin kwamfuta, don kin ce kina wahalar aron ta ƙawarki. Ba laifinki ba ne, ke ko sau ɗaya ba ki tuna mini ba. Ni ne na faɗa wa mamanki, na faɗa wa kawunki, har na je wani shago a Al Mirƙab na shafa wadda nake so na ce a ajiye mini. Da Isaka ke magana, wallahi ba fuskarsa nake gani ba, kwamfutar nan nake gani.

Na ce, "Haba Isaka, zazzaɓin gajiya ne. Ka sha farasitamol. Kwana uku ne fa ya rage. In wata ya mutu ni da kaina zan kira su."

Ya ce, "To bindiga fa, Maigida? Ya na nuna gaskiya."

Na buɗe firij na ɗauko gorar ruwa da ta yi raɓa saboda sanyi, na miƙa masa. Na ce ya danna ta a goshi da wuya har sai an fara layi, sannan ya jefa ta a jaka. Ba ni na ƙirƙiro dabarar ba, na ji ana faɗinta a wasu masaukai, har na taɓa yin tir da masu yi. Ya karɓa, ya dube ni, ya dubi gorar, ya danna ta a goshi. Da layi ya zo kansa na saita bindiga a goshin da ke da sauran danshi, ta nuna lafiya lau, na ɗaga murya na ce, "Yalla, wuce." Garba direban bas ɗinmu, wani Basakkwace marar yawan magana, yana kallonmu ta madubi. Sauran ma sun gani. Kowa ya kau da kai ya gyara takunkuminsa, don kowa yana da nasa alƙawarin a gida.

Haka muka yi kwana uku. Kullum gora, kullum bindiga, kullum "wuce". Na sa shi a ƙofar baya inda akwai inuwa, na ce wa raina ai na tausaya masa. A kwana na uku ko tsayuwa ba ya iyawa sai ya dafa bango. Wata ya mutu. Washegari, kafin in cika alƙawarin kiran asibiti, wajen azahar, ya yanke jiki ya faɗi a bakin ƙofa.

An killace mu duka, uku daga cikinmu gwaji ya nuna sun kamu, Allah Ya taimaka suka tashi. Isaka ya yi makonni a asibiti da na'ura a hanci. Da aka tambaye ni na ce lafiyarsa ƙalau har safiyar ranar, ga takardar awon da nake cikawa kullum shaida. Aka yarda. Ƙarin watan ya fito cif, tunda faɗuwar tasa ta faɗa cikin sabon wata. Mudir, wato manajanmu, har yaba mini ya yi a gaban sauran shugabanni, wai tawagata ta fi kowace tsare doka.

Isaka bai mutu ba. Amma ya fito da ƙirjin da ba ya iya hawa bene ɗaya sai ya zauna. Likitan kamfani ya ce ba zai iya tsayuwar gadi ba, aka sallame shi ya koma Kumasi. Har yau yakan aiko mini da saƙon murya ranar Juma'a. "Maigida... barka da Juma'a... yaya mutane." Tsakanin kalma da kalma sai ka ji yana jan numfashi kamar mai ɗaga buhu. Bai taɓa ambata gorar nan ba. Da zai zage ni da na fi samun sauƙi.

Akwai kuma abin da ko Garba ban taɓa faɗa wa ba. A rukunin gidajen nan akwai wani tsoho mai ban ruwan fulawoyi, ɗan wata ƙasa ta Asiya, da kan zauna a inuwar ƙofar baya ya ci abincinsa kusa da Isaka. Bayan mun fito daga killacewa na tarar da wani a madadinsa. Na tambaya aka ce ciwon ya tafi da shi. A lokacin cutar tana ko'ina, yana iya ɗaukarta a masaukinsu, ko a bas, ko a kanti. Haka nake faɗa wa kaina. Amma ban sani ba, kuma ba zan sani ba sai ranar da za a buɗe littafin kowa. Ina tsoron wannan rana, Ummi. Ina tsoronta fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kwamfutar da na aiko miki a hannun wani Alhaji mai zuwa Kano, wadda kika rungume aka ɗauke ki hoto, wadda kika buga binciken nan a kanta tun daga shafin farko, da ƙarin wannan watan na saye ta. Ban faɗa don ki tsane ta ba. Ƙarfe ce, ba ta da zunubi, ke ma ba ki da shi. Na faɗa ne don ki san cewa mugun aiki ba ya zuwa da baƙar fuska. Nawa da fuskarki ya zo, fuskar da na fi so a duniya. Duk ranar da kika ji zuciyarki tana cewa "ai don iyayena ne, ai don ƙannena ne," to ki ƙara buɗe ido, domin nan ne shaiɗan ya fi samun mu da sauƙi, mu masu iyali. Kuma in Allah Ya sa wata rana ke ce mai rubuta dokar albashi, kafin ki sa hannu ki zauna ki tambayi kanki: in ma'aikaci ya wayi gari da zazzaɓi, dokar nan me za ta sa shi ya yi? In ya ga an yi ba daidai ba, faɗa zai jawo wa 'yan'uwansa asara? Duk dokar da ta sa faɗin gaskiya ya fi shiru tsada, to shiru za ki girba, kuma takardunki za su nuna miki komai lafiya, kamar yadda tawa ta nuna.

Yanzu sai maganar takardunki. Bara kika turo mini tambayoyi ta waya, kika ce in buga in raba wa abokan aiki, kowa ya cika shi kaɗai, kada a rubuta suna, a zuba a ambulan a liƙe. Kin maimaita mini har sau biyu, ina ce miki na ji, malama. A raina kuwa na ce wannan ƙa'idar 'yan boko ce, mu nan ai duk 'yan'uwa ne. Na buga su a wani shago kusa da kasuwar Al Wakra, ranar Juma'a bayan an ci abinci na tara mutane a ɗaki na raba. Na tsaya a kansu da biro a hannu kamar mai tsaron jarrabawa. Wanda Turancinsa bai kai ba in karanta masa in fassara. Kowa ya gama ya miƙo mini hannu da hannu, in duba in ga ko ya tsallake wani wuri. Ina alfahari, wai ina taya 'yata aiki da kyau.

Har muka iso tambayar nan da ke cewa ko ka taɓa ɓoye gaskiya a wurin aiki don kada ka rasa wani ƙari. Na fassara musu ita. Yawancin waɗanda ke zaune suna cikin bas ɗin nan a kwanakin nan uku. Garba ya ɗago kai ya ce, "Oga, nan me za a cika?"

Na ce, "Abin da ka sani mana."

Ya ce, "A'a, kai dai cika mini da hannunka. Ka fi ni sanin abin da na sani."

Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye ta. Na karɓi takardarsa na sa alama a "ban taɓa ba". Sauran suka leƙa suka bi sahu. Tawa ma haka na cika. Sauran masu gadi na wasu tawagogi da na kai wa, su ma ta hannun shugabanninsu na bi, kin ga kuwa labarin ɗaya ne. Wa zai rubuta laifinsa ya miƙa wa mai rubuta masa ranakun aiki?

To wannan ce gaskiyar da malaminki ya yaba. Ba amana kika auna ba, tsorona kika auna. Ki riƙe wannan har ƙarshen aikinki: ma'aikaci ba ya faɗin cikinsa a gaban wanda abincinsa ke hannunsa, ko da kuwa tare suke cin shinkafa a faranti ɗaya. Daga ranar da kika zauna a wancan ofis, ke ma kin zama irin wannan mutum. Za su yi miki murmushi, su ce komai daidai, Hajiya. Kada ki ɗauki murmushin nan shaida. In kina son gaskiya, ki buɗe mata ƙofar da ba ta bi ta gabanki ba, kuma wanda ya fara kawo miki labari marar daɗi, ki tabbata kowa ya ga bai yi asarar komai ba.

Kada ki zaci ubanki yana rubuto miki ne daga tudun tsira. Saboda gasar nan kamfani ya ɗebo sababbin ma'aikata, tawagata ta ninka, za a kai mu tsaron wuraren saukar baƙi. Shekaranjiya mudir ya tara shugabanni ya ce duk tawagar da ta kai ƙarshen gasar ba fashi, akwai ƙarin da ba a taɓa ba da irinsa ba. Aka yi tafi. Na daure na ɗaga hannu na ce, wanda rashin lafiya ta kwantar fa, a cire shi daga lissafi mana. Ya ce in an buɗe wannan ƙofa kowa zai zama majinyaci, khalas, magana ta ƙare, a tashi. Ban ƙara ba, don ni ma ina son a sabunta mini kwantiragi. Da na koma na tara mutanena na ce duk wanda jikinsa ya ƙi, ya zo ya faɗa mini, ni zan tare masa harara. Sun ce to. Amma na ga idon sababbin, kowa ya riga ya kashe kuɗin nan a zuciyarsa, wani ya yi rufin kwano, wani ya yi lefe. Kuma ni kaina, Allah Ya gani, da aka faɗi ƙarin sai da zuciyata ta yi tsalle kafin ta tuna. Shi ya sa nake tsoro. Ban san me zan yi ba in wani ya same ni a bayan kicin saura kwana uku a gama. Ina fata na sani. Ki sa ni a addu'a.

Ga abin da nake roƙonki. Ki je wurin malaminki tun kafin ranar karewa, ki ce masa takardun Doha ba a cika su bisa ƙa'ida ba, a gaban shugaba aka cika, a cire su. In yana son ya ga wasiƙar nan, ki nuna masa, na yafe kunyar. Garba ne zai kawo miki ita, ya gama kwantiraginsa ya ce ba zai sabunta ba, zai sauka Kano ya biyo ta Funtuwa kafin ya wuce gida. Ki ba shi ruwa, ki ba shi abinci, sannan ki yi masa tambayoyin nan naki daga farko. Yanzu ba na tsaye a kansa.

Na san abin da nake nema ba ƙarami ba ne. Wataƙila a ɗage miki ranar. Wataƙila babin da kika fi so ya rushe, ki sake zama. Wataƙila ma mutanen Legas su ce ba za su jira ba, kuma na san yadda aiki ke wuya a ƙasar nan tamu. Mamanki ta riga ta faɗa wa unguwa, ɗinkin da za ki sa ranar yana wurin tela. Zuciyarki za ta ce miki ai ba ke kika yi ƙaryar ba, ai ba wanda zai sani, ai kwana nawa ne ya rage, a bari a wuce wannan gaɓar tukuna sai a gyara daga baya. Na san muryar nan sarai, da ita na yi wa Isaka magana. Ke kwana goma suka rage miki, ko ma ƙasa da haka kafin Garba ya iso. Ni uku ne suka rage mini.

Ba zan iya tilasta miki ba daga nan. Kin girma, kin fi ni karatu nesa ba kusa ba, kuma bayan abin da kika karanta ban san ko ina da sauran bakin yi miki faɗa ba. In kin ga ƙimata ta ragu a idonki, ban ga laifinki ba. Na gwammace ki rage ganin girmana da ki gaje ni a wannan.

A cikin ambulan ɗin za ki ga wata takarda a naɗe. Ragowar tambayoyinki ce guda ɗaya da ta saura a jakata. Na cika ta ni kaɗai, ba kowa a kaina sai Allah. Kin ce kada a rubuta suna, amma na rubuta nawa.

Allah Ya tsare mini ke a gida da hanya da inda za ki sauka. Ya kare ki daga sharrin mutane da sharrin son zuciya, Ya ba ki halal mai albarka ko kaɗan ce, Ya hana ki cin abin da zai hana ki barci. Ya ba Isaka sauƙin numfashi, Ya jiƙan tsohon nan mai ban ruwa da rahamar da ta fi ƙarfin sanina, Ya yafe wa ubanki. Ki gaida mamanki, ki bar mini ita, ni zan faɗa mata da bakina.

In kin fito daga ofishin malaminki ki kira ni, ko ina bakin aiki zan ɗauka. In kuma ranar ta zo ta wuce ban ji komai ba sai hotunan murna, zan gane, kuma ba zan tambaye ki ba. Haka Isaka ya yi mini.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Lawal